Kwali, Batir da Ƙwan Tocila: Koya wa Yara Umartar Kwamfuta

Iyaye, malaman makaranta, yayye, kowa ya matso kusa da rediyonsa. In akwai yaro a kusa, a kira shi. Shirin yau da shi za a yi.

Batunmu shi ne koya wa yara kodin ta hanyar aikin hannu. Na ce kodin. Kada kalmar ta firgita kowa. Kodin shi ne rubuta wa kwamfuta umarni, ɗaya bayan ɗaya, yadda za ta gane ta aikata. Duk manhajar da ke cikin wayarka, mutum ne ya zauna ya rubuta mata umarni. Taɓa nan, a buɗe wancan. In kuɗi sun ƙare, a yanke kira. Ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata.

Akwai kuma wani reshe na wannan ilimi. Shi ne inda umarnin ke fitowa daga cikin kwamfuta ya taɓa duniya. Ya kunna fitila. Ya kaɗa ƙararrawa. Ya juya taya. Kun san fitilun nan na sola da ake kafawa a bakin titi? Babu mai kunna su. Magariba na yi, sai su kama da kansu. Gari na wayewa, sai su mutu. Akwai ɗan abu a cikinsu da ke jin hasken rana, akwai kuma ƙa'idar da aka ɗora masa: in duhu ya yi, kunna. To, wannan haɗin, na'ura ta ji abu kuma ta yi abu a kai, shi muke so yaranmu su iya ƙerawa da hannunsu.

Tambayar da nake jin wani uba yana yi ita ce: da wace kwamfutar? Da wace wutar? Ka ba ni minti kaɗan, Malam. Rabin abin da zan faɗa ba ya bukatar kwamfuta ko kaɗan.

Bari mu fara da inda wannan tunani ya samo asali.

An yi wani masanin lissafi mai suna Seymour Papert. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1928. Ya yi shekaru a birnin Janiba yana aiki da Jean Piaget, mutumin da ya shahara wajen nazarin yadda tunanin yaro ke girma. Daga nan ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967, shi da abokan aikinsa biyu, Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka tsara wani harshen kwamfuta domin yara, suka kira shi Logo. Ku lura da shekarar. A lokacin kwamfuta ɗaki guda take cikawa, manya ma ba kowa ke taɓa ta ba. Amma waɗannan mutane suka ce yaro zai iya umartar ta.

Ba da daɗewa ba suka haɗa harshen da wata ƙaramar na'ura mai tayoyi. Tana tafiya a ƙasa, da alƙalami a cikinta. Suna kiranta kunkuru. Yaro ya rubuta: yi gaba kaza. Kunkuru ya yi gaba, yana jan layi a takarda. Yaro ya rubuta: juya dama. Kunkuru ya juya. Da haka yara suka riƙa zana gida, da tauraro, da fure.

A littafinsa na 1980, Mindstorms, Papert ya ba da labarin yadda wasa da giyar mota tun yana ƙarami ya buɗe masa kai ga lissafi. Matsayarsa ita ce, yaro ya fi koyo idan yana ƙera abin da ya damu da shi, abin da zai ɗaga ya nuna wa wani. Kuma in zanen ya karkace, shawarar da ake ba yaro ita ce ya tashi tsaye ya zama kunkurun da kansa. Ya taka hanyar da ƙafarsa, ya ga inda umarnin ya kauce.

Wannan ya kawo mu kashi na biyu: wasan tsakar gida. Ba batir, ba waya, ba kwabo.

Ana bukatar yara biyu da gawayi. Ɗaya ita ce na'ura, ɗayan shi ne mai umarni. A ce yarinya ce na'urar, wanta ne mai umarni. Dokar wasan ɗaya ce. Na'ura ba ta da wayo. Abin da aka ce mata kawai take yi, ba ƙari ba ragi. Kalmomin da ta sani uku ne: taku, juya dama, juya hagu.

A ce wa mai umarni: kai ta bakin randa. Amma ba zai riƙa faɗa tana tafiya ba. Zai rubuta umarnin duka tukuna, a takarda ko a ƙasa. Sannan ya karanta, ita kuma ta bi. Taku huɗu. Juya dama. Taku biyar.

Ku zuba ido ku ga abin da zai faru. Garu yana taku uku, shi ya rubuta biyar. Sai ta tsaya jikin garu tana taka ƙasa, gida ya kwashe da dariya. Zai ce ai kin san randa nake nufi. Ta ce ni na'ura ce, ban san nufi ba. Yarinyar nan ta gama bayanin kwamfuta.

A nan iyaye za su shigo, kuma a nan ake yawan ɓata abin. Kada a ce wa yaron ka faɗi. Kada a ce matsa in nuna maka. Tambaya ɗaya za a yi masa: a wane umarni aka kauce? Ya koma layin farko. Ya bi su ɗaya ɗaya. Ya gano na uku ne. Ya goge biyar ya sa biyu. A sake gwadawa. Ku riƙe wannan tambaya, za mu sake haɗuwa da ita. A wane umarni aka kauce? Masu rubuta manhaja, manyansu da ƙananansu, kaso mai yawa na lokacinsu a kan wannan tambayar yake ƙarewa.

In sun saba, a ce su zana murabba'i, wato fili mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Yaro zai rubuta: taku uku, juya dama. Taku uku, juya dama. Haka har sau huɗu, layi takwas ke nan. Sai ku tambaye shi, ba ka gaji da rubutu ba? Ba yadda za a taƙaita? Ku bar shi ya yi tunani. In ya ce, a rubuta sau ɗaya a ce a maimaita sau huɗu, to ya gano abin da masana ke kira maimaici. Da kansa ya gano, ba zai manta ba.

Sai a ƙara wata doka. A ajiye turmi a hanya. A rubuta: in kin ci karo da turmi, juya hagu, in ba haka ba, ci gaba. Wannan shi ne sharaɗi. Shi ne dai na fitilar sola: in duhu ya yi, kunna.

Jeri, maimaici, sharaɗi. Jeri shi ne bin umarni bi da bi. Maimaici shi ne sake yin abu sau kaza. Sharaɗi shi ne in kaza ya faru, yi kaza. Duk manhajar da kuka sani, komai girmanta, da waɗannan ukun aka gina ƙashin bayanta.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan koya wa yara umartar kwamfuta ta hanyar aikin hannu. Mun gama da wasan ƙafa. Yanzu kashi na uku: za mu kunna fitila a kan kwali. A nan zan ɗan daɗe, mai biro ya ɗauko.

Kayan aiki biyar ne. Kwali, ko na sukari ko na taliya. Takardar foyil, mai ƙyallin nan da ake naɗe kifi a gasa. In babu, a fere wayar tsohuwar caja a ciro jan ƙarfen ciki. Sai salatif. Sai ƙaramin ƙwan fitila mai ƙafa biyu, irin na cikin tocila, wanda masu gyaran rediyo ke kira el-i-di. Sai batir mai faɗi kamar kwabo, wanda aka rubuta 2032 a bayansa. Ƙarfinsa bolt 3 ne. Masu gyaran agogo da masu sayar da kayan lantarki suna da shi.

Kafin a taɓa kwali, a ba yaro ƙwan da batirin kawai. Ya duba ƙafafun ƙwan. Ɗaya ta fi tsawo. Ya duba batirin. Fuska ɗaya tana da alamar tarawa. Ya sa batirin tsakanin ƙafafun, doguwar ƙafa a fuskar mai alamar tarawa, ya matse da yatsu biyu. Ƙwan zai kama. Ya juya batirin. Ƙwan zai mutu. Ya sake juyawa, ya kama. Ku bar shi ya yi ta juyawa har ya ƙoshi. Ya koyi cewa wannan ƙwan ta hanya ɗaya kawai yake barin wuta ta bi. In ƙwan na tsohuwar tocila ne, an yanke ƙafafun sun zama daidai, ba matsala. A gwada, in bai kama ba a juya.

Yanzu kwali. Da fensir, yaro ya zana hanyar da wuta za ta bi. Ta tashi daga batir, ta je ƙwai, ta dawo batir. Wuta sai ta zagayo gida take aiki. In hanya ta yanke ko'ina, komai ya tsaya. Sai ya yanka foyil siri-siri ya shimfiɗa a kan zanen. Layi biyu ne, na tafiya da na dawowa. Ƙafar ƙwai ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan, a danne da salatif. Batirin ya zauna kusa da kusurwar kwalin, a kan ƙarshen layi ɗaya. Ƙarshen ɗaya layin ya hau kusurwar. In aka naɗo kusurwar ta rufe batirin, hanya ta haɗu. Ka danna, ya kama. Ka saki, ya mutu. Yaro ya ƙera makunni.

Abin da zai zana a fuskar kwalin, nasa ne. Wani zai huda ya fito da ƙwan a matsayin tauraro kusa da jinjirin wata, ya rubuta barka da Sallah ya kai wa kakarsa. Wani fitilar mota yake so. Wata ɗakin 'yartsana za ta haska. Kada a zaɓar musu.

To, bari in gaya muku gaskiya. Sau da yawa ba zai kama a karon farko ba. Kuma wannan shi ne wurin da ya fi amfani a aikin duka. Yaro zai ɓata rai, ya ce batirin ne ba kyau. Sai ku dawo da tambayarmu, da ɗan canji: a ina hanya ta kauce? Ko an juya ƙafafun ƙwan. Ko foyil ya tsage a kwana. Ko salatif ya shiga tsakanin ƙafar ƙwan da foyil, shi kuwa salatif wuta ba ta bi ta jikinsa. Ko kuma layin tafiya da na dawowa sun taɓa juna, wuta ta samu gajeriyar hanya ta koma gida ba ta bi ta ƙwan ba, batir yana ta zuƙewa a banza. A duba abu ɗaya, a gwada. A duba na biyu, a gwada. Kada a canja abu uku lokaci guda, don in ya kama ba za a san wanne ne ya gyara ba.

Wani zai ce, to ina kodin a nan? Ga shi. Makunnin nan hali biyu gare shi, a kunne ko a kashe. Kwamfuta ma da hali biyun nan take lissafinta duka, ana rubuta su 1 da 0. Wani malamin jami'a a ƙasar Niyuzilan, Tim Bell, shi da abokan aikinsa sun tattara wasannin koyar da ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba. A cikinsu akwai na kati biyar. Na farko ɗigo 1, na biyu 2, sai 4, sai 8, sai 16. Kowane kati ko a buɗe ko a kife. Ka ce wa yarinya 'yar shekara 11 ta nuna shekarunta. Ta buɗe 8, ta buɗe 2, ta buɗe 1, ta kife sauran. Da katin nan biyar ana nuna kowace lamba daga 0 har 31.

Kashi na huɗu na iyaye mata ne da 'yan mata, amma maza ma su saurara.

Akwai masu ganin waya da batir harkar yara maza ce. Tarihin kwamfuta bai goyi bayansu ba, domin da zare aka fara. A 1804, a birnin Liyon na Faransa, Joseph Marie Jacquard ya fito da injin saƙa mai aiki da katuna masu huji. Inda akwai huji, zare ya ɗaga. Inda babu, ya zauna. Ka canja katunan, adon zanen ya canja. Daga wannan injin Charles Babbage na Ingila ya ɗauki dabarar katin huji don injin lissafin da ya tsara. Kuma mace ce, Ada Lovelace, ta wallafa bayanin yadda za a jera wa injin umarni a 1843.

Mu matso kusa. Kumbon Apollo da ya kai mutane duniyar wata a 1969, manhajar kwamfutarsa saƙa ta aka yi, saƙa ta gaske. Mata ne a wata masana'anta a Amurka suka zauna da siririyar waya suna zura ta cikin ƙananan zobba. In waya ta bi ta cikin zobe, 1 ke nan. In ta kewaye shi, 0.

Saboda haka, Hajiya, 'yarki mai ɗinkin hula ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tana ƙirga zare. Tana maimaita ado har ya zagaye hula ya haɗu daidai. In ta yi kuskure a layi na biyar, tana warwarewa ta koma ta gyara. Jeri, maimaici, gyaran kuskure, duk tana yi, suna ne kawai ba a gaya mata ba.

Wata masaniya mai suna Leah Buechley ta kama wannan zaren. A 2007 aka fara sayar da abin da ta ƙera, LilyPad. Ƙaramar kwamfuta ce mai faɗi, zagayayya, da huji a gefe-gefe. Ba a liƙa ta da dalma. Ɗinka ta ake yi a jikin yadi, da allura da wani zare mai ɗaukar wuta. Ana yin jaka mai walƙiya, ko riga mai nuna alamar kwana ga mai keke. Binciken da ta wallafa a 2010 ya nuna mata sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin masu aiki da LilyPad, in aka kwatanta da masu aiki da Arduino, wato allon da aka gina ta a kansa. Ilimin ɗaya ne. Kayan aikin aka canja, sai waɗanda ke shigowa suka canja. Malaman makarantun 'yan mata, wannan naku ne.

Yanzu kashi na biyar. A nan ne kwamfuta za ta shigo, domin ba zan yaudare ku ba: kwali da foyil share fage ne. Wanda zai iya kodin, dole wata rana ya zauna gaban na'ura.

Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce Scratch. Manhaja ce kyauta, daga jami'ar MIT, ƙarƙashin Mitchel Resnick, wanda ya yi aiki da Papert. An fito da ita a 2007, domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Ba a buga dogon rubutu. Umarnin gutsattsari ne masu launi, ana jan su ana haɗawa. Yi taku goma. Maimaita sau huɗu. In ka taɓa gefe, juya. Yaron da ya yi wasan randa zai gan su ya ce ai na san waɗannan. Ana iya sauke ta a kwamfuta a yi aiki ba intanet. Kuma a cikin harsunan da aka fassara ta har da Hausa.

Sai ƙaramar kwamfutar da ake kira micro:bit. BBC ce ta jagoranci ƙera ta, kuma a 2016 aka raba ta kyauta ga yara kusan miliyan ɗaya a Birtaniya, 'yan shekara 11 zuwa 12. Santimita 4 ce a 5, tana shiga tafin hannun yaro. Tana da ƙananan fitilu 25 a fuskarta, da maɓallai biyu. Tana jin motsi, tana jin haske, tana jin zafi. Ƙananan batura biyu irin na rimot ke tafiyar da ita. A gindinta akwai manyan zobba da ake maƙala musu waya mai bakin kada. Ana rubuta mata umarni a kwamfuta ko a wayar hannu, a tura mata, sai ta riƙe. Ko an raba ta da kwamfutar, tana ci gaba da aikinta.

Ga aiki ɗaya da ake yi da ita, ku ji yadda yake. Yarinya tana da shukar barkono a gwangwani. Tana so shukar ta gaya mata in tana jin ƙishi. Ta samo ƙusa biyu, ta kafa su cikin ƙasar, da ɗan tazara tsakaninsu. Ta maƙala waya daga ƙusa ɗaya zuwa zoben da ke ba da wuta. Ɗaya ƙusar kuma zuwa zoben da ke aunawa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin wuta ta wuce fiye da busasshiya. Na'urar tana mayar da abin da ta ji lamba, tsakanin 0 da 1023. Yarinya ta auna ƙasa a bushe, ta rubuta lambar a littafinta. Ta zuba ruwa, ta sake aunawa, ta ga lambar ta hau. Sai ta zaɓi iyaka a tsakani, ta rubuta sharaɗinta: in lamba ta sauka ƙasa da kaza, nuna fuskar ɓacin rai, in ba haka ba, nuna murmushi. Ta yanka kwali ta yi wa na'urar gida don kada ruwa ya taɓa ta.

Bayan kwanaki za ta ga ƙusoshin sun fara tsatsa da wuri, saboda wutar da ke bi ta cikinsu dare da rana. Sabuwar matsala ke nan. Maganinta kuma a cikin umarnin yake: a mayar da wayar kan zoben da umarni ke iya kunnawa da kashewa, a daina ba ƙusar wuta kullum, a ba ta lokacin awo kaɗai. Ku duba abin da ta taɓa a aiki ɗaya. Noma, lantarki, lissafi, kodin, da yankan kwali.

Na'ura ɗaya ta ishi yara uku ko huɗu. Ɗaya na rubuta umarni, ɗaya na haɗa waya, ɗaya na gina kwali, gobe a yi musanya. A kula da musanyar nan. In ba a kula ba, mai ƙarfin baki ne zai riƙe na'urar kullum, a bar 'yan mata da almakashi.

Kafin gargaɗi, ina da magana da shugabannin makarantu. Akwai makarantun da yaro ke shekara uku yana darasin kwamfuta, abin da ya iya shi ne haddar ma'anarta da zana hotonta a littafi. Akwai inda aka sayi na'urorin aka kulle a ofis don kada yara su lalata. Akwai kuma inda ake sayen kaya masu tsada a kwali, kowane yaro ya bi takardar bayani, a tashi da mota talatin iri ɗaya, a ɗauki hoto. A ganina wannan na ƙarshe ma bai kai motar kara ba. Yaron da ya fere kara, ya yanka tsohon silifa ya yi taya, ya ga motarsa tana karkata ya zauna ya gano dalili, ya fi wancan yin tunani. Abin da ya rage masa shi ne a ba shi ƙwai da batir, sannan a nuna masa umarni.

Kun ji labarin Kelvin Doe na Saliyo? Yaro ne a birnin Firitawun da ya riƙa tsinto tarkacen lantarki daga bola. Ya haɗa batir, ya haɗa janareta, har ya haɗa tashar rediyo tasa yana watsa shiri a unguwa. A 2012, yana matashi, aka gayyace shi jami'ar MIT. Irinsa suna nan a unguwanninmu. Su ne ake kora a ce suna tara shara a ɗaki.

Yanzu gargaɗi. Wanda bai ji komai ba a shirin nan, ya ji wannan.

Batirin nan mai kama da kwabo yana kisa in ƙaramin yaro ya haɗiye shi. Yakan maƙale a maƙogwaro ya ƙona nama, cikin awa biyu ma yana iya yin mummunar illa. A ƙirga batura kafin a fara, a ƙirga bayan an gama. A rufe na jikin kwali da salatif sosai. Kada a bar shi inda mai rarrafe zai kai. In ana zaton yaro ya haɗiye, asibiti nan take. Kada a jira a ga alama, kada a sa shi amai.

Na biyu, wutar gida ba ta cikin wannan wasa. Ta haura bolt 200. Ba soket, ba janareta, ba batirin mota, ba na sola. Haka batirin waya, kada a huda shi, kada a fasa shi, yana kamawa da wuta. A gaya wa yaro ƙarara, a maimaita masa: ƙaramin batir kawai, kuma da babba a kusa. Wuƙa da reza ma a hannun babba suke.

Lokaci ya kusa cimma mana. Malamai, a darasinku na gaba ku fitar da yara fili ku yi wasan na'ura da mai umarni, minti ashirin ya isa. Iyaye, a cefanen wannan mako a biya ta wurin mai gyaran rediyo, a sayo ƙwai biyu da batir ɗaya. In yaro ya haɗa bai kama ba, ku riƙe hannunku, ku tambaye shi a ina hanya ta kauce. Kuma in za a kira yara, a kira har da matan.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. A huta lafiya.